Sallamar Na'urar Auna Ruwa

Daren Laraba, Goronyo.

Alhamdu lillahi, yau dai zan yi barci. Tun makon jiya na'urar auna ruwa da nik kafa bakin dam ta ƙi aika saƙo Wurno, manoman albasa kuwa sun hana wayata hutawa, kowa shina tambaya ko ruwa na tafe. Na canza sim, na hau ƙarfen eriya da rana tsaka, duk a banza. Har kamfanin layi na tsine wa a zuci.

Ina cikin gwaji Kawu Bello yaz zo, yac ce, "Mi yaf faru, ɗana?" Nic ce mai na'urar sai ta yi ma kwamfutar Wurno sallama, an amsa, kana ta aika awon ruwan. In ba ta ji amsa nan take ba, sai ta fasa.

Yac ce, "Sallama guda ta juya? Wa yay yi mata tarbiyya?"

Da yat tafi, na ƙara mata lokacin jira, na sa ta maimaita har sau ukku. Ashe Wurno na amsawa, layinmu ne ka jan ƙafa. Kafin la'asar saƙo ya shiga.

Ban dai faɗa ma Kawu ni niy yi mata tarbiyyar ba. Gobe ma ba ni faɗi.