Layin da Na Goge

Litinin, 8 ga Satumba

Takardun zaɓen fanni sun dawo daga hannun iyaye, arba'in da biyu. Ni ke tattarawa, tunda ni ce malamar ba da shawara. Ta 'Yar Tambaya ce ta tsaya mini a wuya. Yarinyar da ta zo ta ɗaya a lissafi shekara uku a jere, wadda ba ta barin malami ya huta da "me ya sa", wai babanta ya zaɓa mata fannin zane da aikin katako. Kafinta ne, ka ji dalili. Da fensir ma ya cike, irin mai faɗin nan da suke sokewa a bayan kunne.

Laraba, 10 ga Satumba

Gardama a ɗakin malamai har shayina ya huce. Na ce yaro amana ne ba kadara ba, haihuwa ba ta ba mutum ikon rufe wa ɗansa ƙofa. Malamin Tarihi ya ce, "Malama, ke kika haife ta?" Na ce ni nake koyar da ita. "Shekara uku. Shi kuwa sha huɗu, har da zazzaɓi da kashin jego." Aka yi ta dariya. Na ce to idan uba ya yi kuskure fa, mu zura ido? Ya ce, "Idan ke kika yi fa, wa zai biya?"

Mutumin nan ko littafi ɗaya bai taɓa karantawa ba a kan tarbiyya. Baki kawai.

Juma'a, 12 ga Satumba

Fensir ne, ya gogu tas. Na rubuta kimiyya da birona. Sa hannunsa na nan a ƙasa, ban taɓa ba. Wata rana za su gode mini.

Talata, 7 ga Oktoba

Mako uku tana ajin kimiyya, ko sau ɗaya ba ta ɗaga hannu ba. Na tsare ta a baranda da fara'ata, na ce yaya sabon aji. "Lafiya lau, Malama." Shi ke nan. Sabo ne, za ta ware.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Babanta ya zo. Shugabar makaranta ta kira ni ofis, na same shi zaune a bakin kujera, garin katako a gashin hannunsa. Ina jira ya yi ihu. Da ma ya yi.

Wani littafi ya tura mini, cike da zanen tebura da kujeru, kowanne da awonsa. Rubutunta ne.

"Malama, ni likita na so ta zama. Wata uku tana bina da magiya kafin na yarda." Sannan ya ce tun da aka kafe sunaye ba ta sake taka shagonsa ba, gaisuwa ma daga bakin ƙofa. Ta ɗauka shi ya canza a ɓoye bayan ya yi mata alkawari. "Na rantse mata, ta ce ga sa hannuna."

Shugaba ta ɗora takardar a gabana. Biro shuɗi, rubutuna mai lanƙwasa. Me zan ce?

An riga an aika sunaye wurin masu shirya jarrabawa, an rufe. Ko ta zauna a kimiyya, ko ta maimaita shekara. An kuma karɓe aikin shawara daga hannuna, aka ba Malamin Tarihi. Shi fa!

Asabar, 18 ga Oktoba

Har yanzu ina kan bakana: iyaye ba su mallaki 'ya'yansu ba. Wannan ɗin dai aka yi rashin sa'a, uban ya fi ni sanin... Ban san me zan rubuta ba.

Shekara goma sha ɗaya ina saya musu littattafai, ina zama da su bayan an tashi. Ba wanda ya tuna wannan yau.

Litinin, 20 ga Oktoba

Ta ɗaga hannu, a gaban kowa. Har zuciyata ta yi sanyi. "Malama, me ya sa ba ki tambaye ni ba?"

Tambayarta ta farko cikin mako biyar.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Ta zaɓi maimaita shekara. Ƙawayenta za su wuce su bar ta.

Na bi ta shagon yau, don littattafaina sun yi yawa a ƙasa, ba don komai ba. Uban ya amsa gaisuwata bai ɗago ba. Ita ce ta zo da abin awo, fensir a bayan kunne. Ta ce kantar littattafai mai hawa nawa nake so, mai ƙofa ko buɗaɗɗe.

Ina da amsa, tun a gida na zana abina. Takardar na cikin jakata.

Na ce, "Ke fa, yaya kike gani?"

Ta dube ni, ta zaro fensirin daga bayan kunne, ta fara magana.