Allurar Baba ta Huɗu

Asabar, cikin watan Agusta, Faskari

Na gaji, amma sai na rubuta wannan kafin in kwanta.

Yau bayan na tashi daga aiki a asibiti, na je Ruwan Godiya na yi wa Baba allurarsa ta huɗu. Shekara shida yana fama da ciwon fatar nan, soriyasis. Fatar sai ta yi ɓawo fari, tana zuba a tabarma kamar dusa. Mutane suka ce kuturta ce, har ya daina miƙa hannu a masallaci. Da man shafawa da ƙwayoyi suka gaza, likitan fata ya duba ko yana da tarin fuka, sannan ya ɗora shi kan allurar nan mai lafar da garkuwar jiki. Ba ta son zafi, a kular ƙanƙara na kai ta kan mashin.

Da na naɗe wa Baba hannun riga, na ga gwiwar hannun ta yi sumul, saura tabo. Na tsaya ina kallo.

"Hadiza, allura za ki yi mani ko kallo?" in ji shi.

Da na gama ya ce in miƙo masa ɗiyata Amira, da na zo da ita a goye. Tunda aka haife ta bai taɓa ɗaukarta ba, ko da yake na sha gaya masa ba a ɗaukar ciwon. Ta ja gemunsa yana dariya, Inna ta juya tana share ido.

Likita ya ce allurar danne ciwon take yi, ba ta kashe shi. Na sani. Amma yau sai da Inna ta yi da gaske kafin ya ba ni yarinyar mu tafi.