Wata huɗu ina ƙara wa mijin ƙanwata gazuwal a ɓoye

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku fara zagina ku daure ku kai ƙarshe, in kun gama sai ku zage ni da hujja. Ni ba mutumin rubutu ba ne, bakanike ne. Shekara ashirin da wani abu ina kwance ƙarƙashin kamyo, wato manyan motocin kaya, a nan Zangon Wagadugu, aikina gyaran motocin gazuwal, wato man dizal, direbobin da ke zuwa daga Nijar Metur suke ce mini, wato ƙwararren maigida a sana'a. Ban faɗi haka don alfahari ba, na faɗa ne don ku san wanda aka raina.

Akwai mijin ƙanwata. Bari in kira shi Injiniya, tunda shi ya raɗa wa kansa sunan. Atamfa yake sayarwa, gadon gidansu ne tun kakansa. Wallahi mutumin nan in ka miƙa masa sipana bai san ta wane kai ake riƙewa ba, amma babu abin da za ka faɗa a duniya bai riga ka sani ba. Yana da wata tsohuwar mota kat-kat, irin mai shiga daji, da ta girmi matarsa. Allurar da ke nuna yawan mai ta mutu tun tuni, tankin asali ya ruɓe, wani mai walda ya ƙera masa wani mai miƙaƙƙen baki, shi ya sa da sandar gora yake auna mai, ya yi mata tsaga-tsaga da wuƙa. Motar nan tana shan gazuwal kamar kana zuba ruwa a rairayi, in ta wuce cikin layi sai mata sun rufe abincinsu saboda baƙin hayaƙi.

Wata rana ya zo garejina yana kukan shan man nan, direbobi na zaune ƙarƙashin dogon yaro suna shan shayi. Saboda ƙanwata, bari in ce mata Hajo, na bar aikin da nake yi na zagaye motar, na faɗa masa gaskiya tsakani da Allah. Na ce tayoyinka duka huɗu a kwance suke, ka ba su iska yadda ya kamata. Filtar iska ta toshe da ƙasa, injin numfashi yake da ƙyar. Wannan keji na ƙarfe da ka ɗora a saman mota, da tsofaffin tayoyi biyu da ba ka taɓa saukewa ba, kullum kai kake sayen man da ake jan su da shi. Bakin allurar da ke fesa mai cikin inji ya buɗe, tsiyaya yake ba feshi ba, kawo in gyara maka kyauta. Sannan ka daina barin inji na aiki kana gaisawa da mutane rabin awa, ka kuma rage taka totur kamar kana kashe kunama. Wace magana ce a nan ta cuta? Sai mutumin nan ya kalle ni daga sama har ƙasa, ya kalli man da ke hannuna, ya ce, "Metur, wannan ai ilimin da ne. Ku kanikawa so kuke mutum ya yi ta dawowa." Direbobi suka kwashe da dariya. A garejina, da shayin da ni na saya!

Bayan mako guda ya dawo yana tafiya kamar wanda aka naɗa. Ya buɗe gaban mota, ya ce kowa ya matso. Me zan gani? Maganaɗisu ya ciro daga lasifikar tsohuwar rediyo, ya ɗaure shi da waya a jikin tiyon mai, sannan ya jefa ƙwayoyin kafur cikin tanki, irin wanda mata ke sa wa a akwatin tufafi. A salula ya gani. Ya ce, "Maganaɗisun nan jera ƙwayoyin mai yake sahu-sahu, su shiga inji cikin ladabi, babu wanda ke ɓacewa." Na ce, to kafur ɗin fa, asu ne ke cin gazuwal ɗin? Ya ce, "Ba za ka gane ba, Metur, abin na masu bincike ne."

A nan Shaiɗan ya zauna kusa da ni. Kullum in ya gama kai kaya unguwar Dasasgo da hantsi, ƙarƙashin dogon yaron garejina yake ajiye motar, ya tafi azahar, ya ci bengarsa, wato dafaffen wake, ya miƙe a shago sai la'asar. Lokacin nan direbobi ma kowa ya watse, kuma murfin tankin ba makulli. Na ce a raina, zan yi wata guda ina ƙara masa lita uku kullum har kansa ya kumbura, sannan in yi wata guda ina zuƙewa har ya fara magana shi kaɗai, daga nan in tara mutanen da suka yi mini dariya in faɗa musu yadda aka yi. Da kuɗina na sayi gazuwal, na ɗauki mazurari na zuba. Bayan la'asar ya zo ya tsoma sandarsa gaban jama'a, ya zaro, ya duba, ya sake tsomawa, sai ya daka tsalle da babbar riga yana ihu, "Wala! Wala! Ga shi nan! Ku zo ku gani!" Na lallaɓa bayan wata kamyo na yi dariya har sai da cikina ya ƙulle.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne wautar sauran. Mutane masu furfura, waɗanda suka yi shekara talatin suna jan kamyo, su ne suka fara layi wurin mai atamfa. Duk wata tsohuwar rediyo a Zango an farke ta, masu kafur suka rasa abin da ke faruwa. Wani direba da na yi shekara goma ina raya masa mataccen inji ya ce mini, "Metur, ɗan matsa, Injiniya zai ɗaura mini abin nan." Tayarsa ta baya a kwance, ina kallo, shi ma yana kallo, amma maganaɗisu yake so. In nasu bai yi aiki ba sai Injiniya ya ce ba su ɗaure shi yana kallon gabas ba, su kuma su ce haka ne, laifinsu ne. Kai, ɗan Adam! Ka ce masa ya sa iska a taya ya ga ka raina masa hankali, ka ce masa ya jefa kafur a tanki ya yi maka addu'a.

Za ku ce me ya hana ni dainawa. Na daina, kwana biyu. Sanda ta nuna masa gaskiya, shi kuwa da ya yarda abinsa shirme ne gara ya nemo mai laifi, sai ya koma gida ya sauke a kan Hajo, wai ita ta sayo masa kafur na jabu, wai ba ta son ci gabansa. Ta zo wurina idonta a kumbure tana cewa babu komai, hayaƙin murhu ne. Hajo ni na raine ta bayan rasuwar iyayenmu, na san hayaƙin murhu na san kuka. Washegari na sake ɗaukar mazurari. Wata guda ya zama wata huɗu. Ni da na shirya mayar da shi abin dariya, na koma mai yi masa hidima a ɓoye, ina ciyar da girman kansa lita uku kullum, shi kuma yana wucewa ta gabana yana cewa, "Metur, har yanzu kana nan kana hura filta?"

To ga inda abin ya kai. Akwai wani dattijon direba, mutumin Nijar, shi kaɗai ne bai taɓa farke rediyo ba. Shekaranjiya ya ce, "Injiniya, zagayen cikin gari ba gwaji ba ne. Mota a doguwar hanya ake sanin cikinta." Ai kuwa kamar an watsa wa Injiniya barkono. Ya ce dama ranar Asabar zai je sadakar arba'in ta kawunsa a ƙauyensu, can bayan inda kwalta ta ƙare, ya rantse gaban kowa da tanki ɗaya zai je ya dawo, ba jarka, ba tsayawa gidan mai. Ku da ke nan kun san irin hanyar da nake nufi: daji ne mai tsawo, babu gidan mai, salula ba ta kamawa, a 'yan shekarun nan ko masu kamyo ba sa son tsayawa wurin ko da fitsari ya matse su. Ni kuwa na san cikin motar nan fiye da yadda na san cikina. Tanki ɗaya zai kai shi, zai juyo da shi, sannan ya mutu masa a tsakiyar dajin nan, ko kusa da kwalta ba zai kawo ba.

Jiya ya cika tankin gaban shaidu, ya sa mai walda ya yi wa murfin kunne, ya danna kwaɗo. Kun ga ke nan ko sandar ba zai iya tsomawa a hanya ba, balle ta faɗa masa gaskiya tun da sauran dama. Ya juya yana neman wanda zai ba makulli, idonsa ya faɗo kaina. Ya ce, "Metur, kai ne shugaban masu musu. Riƙe. Ran Lahadi da hannunka za ka buɗe, da hannunka za ka tsoma sanda, ka faɗa wa Zango abin da ka gani." Na miƙa hannu na karɓa, ban ce uffan ba. Kuma tunda na zo faɗin gaskiya bari in faɗe ta duka: daɗi na ji. Na hango shi zaune bakin hanya da babbar rigarsa, rana na dukansa, yana jujjuya maganaɗisu yana neman gabas. Na ce a raina, Allah ya ƙara, ya kwana biyu can ko ya dawo da hankali.

Yau da safe Hajo ta shigo gareji da kwanon fura, 'yarta a goye, jaririya ce mai wata takwas, sunan mahaifiyarmu ta ci. Muna cikin gaisawa ta ce, "Yaya, me zan kawo maka daga ƙauye? Da ni za a je ran Asabar." Sipanar da ke hannuna ta faɗi. Na ce, ke da wa? Ta ce ita da jaririyar, dangin miji ba su taɓa ganin yarinyar ba. Na ce, Hajo, kar ki je. Ta ce, "Me ya sa, Yaya?" Na ce hanyar ba ta da kyau. Ta yi murmushi ta ce, "Hanya ai Allah ke tsarewa. Ni motar nake tsoro, har na ce masa ba ni zuwa. Amma da aka ce mini kai ka karɓi makulli ba ka ce komai ba, sai hankalina ya kwanta. Tun ina yarinya ko keke ba ka bari in hau sai ka matsa tayarsa." Ta ajiye furar, ta gyara goyonta, ta tafi. Furar na nan har yanzu ban iya buɗe ta ba.

Na bi Injiniya shago. Na ce ya bari in sa masa jarka biyu a baya, ko don wani da zai tarar ya maƙale. Ya ce direbobi za su caje motar kafin ya tashi, so nake a ce ya yi maguɗi. Na ce to bari in ba tayoyin iska, in sauke kejin nan. Ya ɗaga murya yadda maƙwabtan shago za su ji, ya ce, "Kar ka taɓa mini mota! Hassada ce ke cin ka, Metur, ka nemi magani." Na tsaya ina kallon bakinsa yana motsi, wallahi ban taɓa ganin wanda ya cika wawa irinsa ba, sai kuma na tuna wanda ya yi wata huɗu yana saya masa gazuwal.

Yanzu ku duba mini. In na faɗa masa mu biyu, cewa zai yi ƙarya nake don in hana shi suna, ya tafi abinsa. In na tara direbobi na faɗa, na kunyata shi gaban Zango duka, kuma na ga abin da ya yi wa Hajo a kan kwana biyu kacal, ina ga wannan? Ni kuma na gama aiki a unguwar nan, don wa zai sake barin kamyonsa wurin wanda ke buɗe tankin mutane in sun tafi salla? Cewa za su yi mai ƙarawa yana iya ragewa, kuma ba su yi ƙarya ba, ai har da ragewar na shirya. In na lalata masa wani abu a inji don ta ƙi tashi, wani bakaniken zai kira, ya tafi washegari. In kuwa na faɗa wa Hajo ita kaɗai, na ɗora mata sirrin da zai iya kashe mata aure, kuma daga ranar ta san yayan da take rantsuwa da shi ya karɓi makullin nan yana murna.

Ba shi nake tausayi ba, kar ku ce mini in tausaya masa, har gobe ina raina shi. Amma yau Alhamis, jibi da hantsi za su tashi, ƙanwata ta riga ta wanke kayan jaririya ta shanya, kuma don ta ga na yi shiru ne za ta shiga motar nan. Makullin na cikin aljihuna ina rubuta muku wannan. Don girman Allah, me zan yi?