A Rushe Ɗakin Ganuwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ni Sajo ɗan Cindo, haifaffen Sule Tankarkar, mazaunin Gumel, tsohon malamin tarihi, nake rubuta wannan da hannuna zuwa ga 'ya'yana uku, Ubale da Ɗalha da Tayyiba. Ina cikin hankalina, ba kuma wanda ya tilasta ni. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi ya fara yi mini wuya. Likita ya faɗi abin da zai faɗa, na kuma gane wanda ya bari a cikinsa.

Na ɗaya. Gidan nan, da gonar Gagarawa, da shanun da ke hannun danginmu a ruga, a kira malamai su raba yadda Allah ya yanka. Amma kafin rabo a ware jar saniyar nan mai karyayyen ƙaho tare da duk abin da ta haifa. Ba tamu ba ce, amanar marigayi Isa na Maigatari ce. A kora wa iyalinsa har ƙofar gida.

Na biyu. Goggonku Laure. Tun da mahaifiyarku Amatullahi ta rasu ita ke dafa mini. Kunnenta ya yi nauyi, mukan zauna a tsakar gida daga la'asar zuwa magariba ba wanda ya ce uffan, amma ko motsin tsintsiyarta na ɗebe mini kewa. Daga sulusin da shari'a ta bar mini, na ba ta ɗakin da take ciki. Kada wanda ya ɗauke ta zuwa birni da sunan gata. Ba ta so.

Na uku shi ne ɗakin bakin titi, wanda kuke kira ɗakin ganuwa. A nan zan ɗan tsawaita, domin kun tashi kun tarar da shi, ba ku taɓa tambayar asalinsa ba.

Lokacin da aka raba ni da kiwo aka kawo ni makaranta a Gumel, akwai wani malami Ba'amurke da muke kira Dogo. Ni da shi duka baƙi ne a garin, ni Hausata na karyewa, tasa ta fi tawa lalacewa. Garinsu na gefen wani tafki, kusa da tsohuwar ganuwar dutse mai suna Tikandaroga, wadda Faransawa suka gina, Turawan Ingila suka ƙwace, Amurkawa kuma suka karɓe daga hannunsu. Yakan zana mini ita a ƙasa da tsinke, mai kusurwoyi kamar tauraro, ya nuna inda ake girke igwa. Da yaƙin basasar Nijeriya ya tashi aka kira shi gida, ban sake jin labarinsa ba. Ni kuwa abin ya zauna mini. Na yi karatu, na koyar da tarihin Gumel da na Borno da na Sakkwato kamar yadda aka ɗora mini, in na dawo gida kuma sai in kwaɓa yumɓu in gina ganuwoyin Amurka a kan katako, ɗaya bayan ɗaya. Da can ɗalibai kan cika ɗakin. Da aka cire tarihi daga jadawalin makarantu ƙafa ta ɗauke. Abokan hirata biyu da suka rage kuma na raka su makwanci.

Akwai abin da ya faru a Tikandaroga da na fi yawan tunawa yanzu. A shekarar 1775 sojojin Ingila 'yan kaɗan ne ke gadinta, da matansu da 'ya'yansu, bango na zubewa. Yaƙi ya ɓarke tsakanin Amurkawa da sarkin Ingila, amma labarin bai iso musu ba. Da asuba aka shigo aka same su suna barci, aka karɓe ganuwar ba tare da an rasa rai ba. Da ina matashi jarumtar waɗanda suka shigo nake koyarwa. Yanzu masu gadin nake tunani, mutanen da aka ajiye a wuri mai nisa aka manta a aika musu.

Ubale, kai ka ce a rushe ɗakin a yi siton riɗi tunda yana bakin hanya. Ɗalha, kai ka ce sai dai bayan ranka, ka kira yayanka wanda bai san komai ba sai awo. Shi kuma ya ce maka baƙon Sallah ba shi da bakin magana a gidan da bai san inda yake yoyo ba. Ina zaune a tsakaninku aka yi wannan, da tuwo a gabana. Tun ranar ba ku gaisa ba, in ɗaya ya ji ɗaya zai zo sai ya fasa, sai na rasa ku duka biyu. Ga shi kuwa rabon da ɗayanku ya taka cikin ɗakin tun kuna 'yan makaranta.

To ga hukuncina. A rushe shi. Ubale ya yi sitonsa, a lissafa wurin cikin kasonsa. Ganuwoyin kuwa yumɓu ne, a loda su a amalanke a kai gonar Gagarawa a farfasa a kan kunya. Ku biyu za ku yi aikin da hannunku, kada a sa ɗan dako.

Na huɗu. Ɗalha, na san ba ɗakin ne ke cinka ba. Kana ganin kai ka yi karatu irin nawa, amma Ubale nake nema in abu ya taso. Cikin waɗanda suka jagoranci shiga Tikandaroga akwai wani Benedict Arnold, jarumi ne na gaske, har harsashi ya ragargaza masa ƙafa a wani yaƙin daga baya. Sai ya ga ana ɗaukaka waɗanda ba su kai shi ba. Ya riƙe abin a ransa har ya ƙulla zai miƙa wa abokan gaba wata ganuwar da aka ba shi amana. Asiri ya tonu, ya gudu, ya mutu a Landan, mutanensa na tsine masa, waɗanda ya koma wa kuma ba su sakankance da shi ba. Ba na kwatanta ka da shi, Allah ya kiyaye. Ina dai gaya maka cewa jin an raina ka ciwo ne da ake faɗa da baki tun yana ƙarami. Ubale nake kira don shi ne a kusa, Maigatari inda yake zaune ba nisa. Kai ne ƙarami, kai za ka fara zuwa. Kai kuma Ubale, in ya zo ka miƙe ka tare shi, kada ka bari sai ya durƙusa.

Na biyar. Tayyiba, littattafaina naki ne, na ba ki tun ina raye. Ba zan manta ranar da kika bar aikin asibitinki a can Amurka kika yi doguwar tafiya don ki nuna mini Tikandaroga ta waya ba. Na ga bangon dutse, na ga igwa, na ga ruwan tafkin a bayanki, sannan hoton ya tsaya cak, layin ya yanke. Ɗan abin da na gani ya nuna mini ashe ba inda na sa ƙofar a tawa ta yumɓu take ba. Na tashi da murna ina neman wanda zan gaya wa, na leƙa waje, ba kowa sai masu Keke Napep na wucewa. Na nuna wa Goggonki, ta ce wannan madatsar ruwa ce? Ban gyara ƙofar ba, na bar ta yadda Dogo ya zana mini. Kada ki zargi kanki in labari ya same ki a can. Ba a jiran kowa da gawa, kada kuma a jira ki. Amma ki zo daga baya da yaran, su san akwai inda ake kiransu jikokin Sajo.

Na shida. A binne ni a Gumel, kusa da mahaifiyarku in akwai wuri. Na yafe wa kowa, ku ma ku nema mini yafiyar maƙwabta da tsofaffin ɗalibaina.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙanku, ya sa ku gama da duniya lafiya. Ku riƙe salla, ku riƙe juna. Kafin a watse daga zaman makoki, Ubale da Ɗalha ku ci abinci a kwano ɗaya, ku kira ƙanwarku a waya ta gan ku. Bayan nan kada wanda ya jira sai an yi mutuwa ko Sallah kafin ya nemi ɗan'uwansa. Ku riƙa kira ko ba ku da abin faɗa. Ni na san yadda gida yake in waya ta yini ba ta yi ƙara ba.

Mahaifinku,
Sajo ɗan Cindo, Gumel.