Shaidar da Baba Ke Nema Daga Ƙaninsa

Salonika, Girka

Zuwa ga Baffana Ghulam Sakhi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka a Mashhad, Ya kuma sauƙaƙa maka ciwon gwiwar nan. Mu nan lafiya lau. Ina nan ina koyar da 'yan matan sansanin 'yan gudun hijira karatu da lissafi, har wata ƙarama mai suna Marwa ta fara gyara mini Girkancina. Baba kuwa yana ɗinki a shagon wani tsoho, kullum suna gardama a kan shayi da kofi, ba wanda ke jin yaren wani.

Baffa, na daɗe ina jujjuya alƙalami, don maganar da nauyi. Ni an ba ni mafaka, amma Baba an hana shi. Mun ɗaukaka ƙara gaban kwamiti, nan ma aka ƙi. Yanzu kotu ce kawai ta rage, in ta ƙi, za su iya mayar da shi garinmu Herat.

Ka san halin yayanka. Ranar da aka kira shi ganawa da jami'in ba da mafaka, sai ya ɗauka ziyara za shi gidan mai masauki. Ya sa rigarsa ta salla, ya ƙulle zabibi da almon a hankici don jami'in. Tafintan kuma yaro ne ɗan unguwarmu, wanda Baba ya san kakansa. Da aka tambaye shi ko an taɓa cutar da shi, sai ya ce alhamdulillahi, da mutuncinsa ya rayu, ba wanda ya taɓa ɗaga masa hannu. Suka rubuta haka. Me za su ba mutumin da ya ce ba abin da ya same shi?

Lauyarmu, Malama Stavrula, mace ce mai faɗa amma mai kirki. Baba na kiranta Kwamanda, ita kuma tana ce masa Sarkin Taurin Kai. Makon jiya ta lura kullum yana juyo mata da kunnen dama in tana magana. Ta ajiye biro, ta tambaye shi yaushe na hagun ya mutu. Ni ce ke fassara, na yi saurin cewa zazzaɓi ne, domin abin da aka gaya mini ke nan tun muna gida. Baba ya dubi takalmansa. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Sakhi yana kasuwa a ranar, ya gani. Ku tambaye shi. Ni bakina ba zai iya ba, kuma ba a gaban 'yata ba.”

Baffa, ban san inda zan sa fuskata ba. Kunnen nan ya mutu ne a watan da masu mulki suka rufe ajin da nake koyar da 'yan mata a ɗakin bayan shagonsa. Kullum ina gaya wa ɗalibaina su ɗaga kai su faɗi gaskiyarsu, ga shi ni ban iya haɗa ido da mahaifina a kan faranti ɗaya.

Na san a wurinmu ƙani ba ya bayar da labarin wulaƙancin yayansa, ko bayan ransa. Abin da nake roƙonka ke nan, kuma da izininsa. Malama Stavrula za ta kira ka a waya, ta samo tafinta Ba'iraniye wanda bai san kowa namu ba. Ka faɗa mata komai, kada ka rage don kunya, domin alƙali ba ya gane shiru irin namu. Ni zan fita in jira a bakin titi. Na yi wa Baba alkawarin ba zan taɓa tambaya ba, ba shi ba, ba kai ba. Gara ya zauna kusa da ni da sirrinsa, da a mayar da shi can da mutuncinsa.

Ka gaishe mini da Gwaggo Bibi Gul, da Zarmina da mijinta, da Jawad, a ce masa ya riƙe karatu. Baba yana gaishe ka. Ya ce in gaya maka ka yafe masa nauyin da ya ɗora maka.

'Yarka,
Shukufa