Saƙonninka Bakwai a Tsohon Akwati

Zuwa ga sanyin idanuna, inuwar tsamiyata a tsakar rana, ruwan farkon damina a kan busasshiyar zuciyata, Yaya Yahuza. Assalamu alaikum.

Daga Birnin Kudu nake rubuto maka, da biro da takarda, ni da na saba da na'ura, domin yau ba na so komai ya shiga tsakanina da kai sai hannun yayarka Hadijatu, wadda ta yarda ta kawo maka wannan har Zandam. Ita ce ta gaya mini ka canja layin waya. Wayyo ni! Har abin ya kai nan?

Ka tuna ranar da ruwa ya tare mu a gonar gwaji ta Wurno, manoma suka watse, muka fake a gindin dutse? Ka tsinko furen riɗi kana yi mini bayanin irinsa, kai malamin gona, alhali ni muryarka kawai nake saurare. Wallahi har yau in hadari ya haɗo, ƙamshin ƙasar nan ne ke fara isowa hancina. Ina wannan rana, ina yau?

Laifin farko nawa ne. Da muka saɓa kan maganar ajiye aikina bayan aure, na ce kada ka kira ni, in kana da magana ka rubuto ta imel ɗina na ofis, in karanta da sanyin rai. Na toshe lambarka. Kwana uku da haka, ni mai kula da na'urorin ofis, na ɗauke akwatunan imel na ƙungiyarmu ta manoma daga tsohon kamfanin da ke riƙe mana su zuwa sabo. Na aika saƙo ya fita, na turo wa kaina daga akwatin shugabanmu ya shigo, na ce alhamdulillahi. Ashe saƙon cikin gida ne, bai taɓa bin hanyar waje ba.

Sai na zauna jiranka. Kwana goma sha tara, masoyina! Kowace safiya in buɗe akwati, wayam, kamar rumbu a ƙarshen bazara. Na duba wurin tarkacen saƙonni har na haddace shi. Gero ya fitar da kai, 'yan mata suna wucewa da dariya, ni kuwa ina zaune gaban na'ura kamar kurciyar da aka harbe mata miji. Na ce a raina, ashe girman kanka ya fi sona. Allah ya yafe mini wannan zato.

Ran Litinin shugabanmu Malam Barau ya shigo ransa a ɓace, wai masu kawo mana iri sun rantse sun turo takarda sau uku, ba amsa. Na duba ko akwatin ya cika, bai cika ba. Na duba ko na kafa wata ƙa'ida da ke kawar da saƙo, babu. Sai na turo daga wani akwati na waje, na zuba ido. Shiru. Nan na buɗe saitin sunan shafinmu, inda wani layi da ake kira MX ke nuna wa saƙonnin duniya gidan da za su sauka. Layi biyu na tarar: sabon da na ƙara, da tsohon da na manta ban goge ba, kuma tsohon ke kan gaba. Duk mai sallama, can ake kai shi, gidan da muka tashi.

Na goge tsohon layin, na nemo tsohuwar kalmar sirri, na shiga tsohon akwatin. Ga takardun masu iri. Ga sunanka, Yahuza, sau bakwai a jere!

Na farko kana ba ni haƙuri. Na uku ka ce in ci gaba da aikina, ba za ka zama sanadin mutuwar abin da na sha wahalar koyo ba. Na biyar ka tambaye ni tambayar da na shekara biyu ina jira, ko na yarda ka turo magabatanka. Na bakwai layi ɗaya ne, ka ce ka fahimci shiruna, ba za ka ƙara damuna ba. Wane shiru, hasken raina? Wane ne ya taɓa jin shuka ta yi wa ruwan sama shiru da gangan? Na kifa kai a kan tebur na yi kuka har Malam Barau ya ja ƙofa ya bar ni.

Yanzu hanya ta gyaru, saƙon kowa yana shigowa, na masu iri, na masu taki, har na waɗanda ban sani ba. Naka ne kawai babu, kuma ofishin bai taɓa yi mini faɗi kamar haka ba.

Don Allah kada ka hukunta ni da layin da na manta. Ga amsar saƙonka na biyar, ko da kunya za ta kashe ni: na yarda. Na sanar da Inna, ita kuma ta sanar da Baba. Ya ce yana gida ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kawunnanka su zo. In sun zo, Allah ya amsa addu'ata. In ba su zo ba, zan sa a share zaure Juma'a mai zuwa, da wadda ke bayanta.

Taka ce, yau da gobe, har ranar da za a mayar da ni ƙasa,
Nasiha