Almakashin da Ya Koma Teburinsa

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Allah ya raba ka da ciwon bayan nan. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma zagaya gida tana yi wa kowa faɗa, ka san kuwa alamar warkewarta ke nan.

Godiya ce ta sa na ɗauki biro. Lauyar da ka haɗa ni da ita, mai ba masu ɗaukar ma'aikata shawara, ta fitar da ni kunya. Rabin zancen kawai na gaya maka a waya, yau ga sauran.

Ka san Baba Mai Almakashi, mai yankan yadi a shagon ɗinkinmu tun zamanin marigayi mahaifinmu. Kusan shekara ke nan yankansa ya fara karkacewa. To ni da wane baki zan gyara wa mutumin da ya goya ni? Sai in riga kowa zuwa shago, in zare abin da ya ɓata in tura a buhu, in sake yanka wani in ajiye masa, ban ce uffan ba. Ranar da ya lalata rigunan makaranta arba'in, ka san halina, zuciya ta ɗebe ni. A gaban teloli tara na ce ya ajiye almakashin ya tafi. Ya ajiye, bai ko waiwayo ba. Bayan mako biyu sai ga takarda daga ofishin ƙwadago, ya kai ƙara na kore shi ba bisa ƙa'ida ba. Shagon da aka bar mana amana ya shiga bakin mutane, har teloli biyu suka fara neman wani wuri.

Na je wurin lauyar ina huci, ina ganin gaskiya tawa ce. Ta bar ni na amayar da komai, sannan ta tambayi takardar ɗaukarsa aiki. Babu. Takardar gargaɗi fa? Babu. Ta ce ko da baki na taɓa gaya masa aikinsa ya ɓaci? Nan na gyara zama, har da ɗan alfahari, na ba ta labarin yadda nake rufa masa asiri. Ta ajiye bironta ta ce a idon doka mutumin nan bai taɓa kuskure ba sai ran nan, ni kuma na kore shi ban ji ta bakinsa ba. Ta ce ba za ta yaudare ni ba, in aka je kotu da wuya in kai labari, gara mu zauna da shi.

Muka zauna a ɗakin ajiya, tsakanin bandir-bandir na yadi. Ta sa na zazzage buhun a gabansa. Ya ɗauki hannun riga ɗaya, ya kai shi har bakin hancinsa, ya juya wajen taga, ya ce shi bai ga aibinsa ba. Yaya, a nan hawaye ya ƙwace mini. Ashe ido ne. Ya ce shi a zatonsa na gaji da tsoho ne, na kore shi kan kuskure ɗaya bayan shekara talatin, kuma da na gaya masa da wuri, da tuni ya ga likita.

Ya janye ƙarar, an cire masa yanar ido, ya koma teburinsa. Lauyar ta rubuta wa kowane ma'aikaci takardarsa, ta kuma tsara mini hanya: a yi magana a keɓe, a rubuta, a saurari mutum kafin hukunci. Allah ya saka muku da alheri, kai da ita.

Rigar da ke cikin ƙunshin nan shi ya yanka maka. Na auna, na daure na gaya masa ido da ido cewa hannun hagu ya fi na dama tsawo. Ya yi dariya har da tari, ya ce ai hannunka na hagu ya fi tsawo tun kana yaro, shi ya ɗinka maka rigarka ta farko. Ka sa ka gani, ka rubuto mini wanda ya yi gaskiya.

Ka gaishe da Anti, da Autarku, da takwarata mai surutu. Inna da Kawu suna gaishe ka.

Ƙanwarka mai godiya,
Uwar Teloli